Fita daban a Kano: wa ake saɓa wa, wa ke biyan farashin

Duk wanda ya shiga masallacin Juma'a a Kano yanzu zai ga a sahu ɗaya wani ya kama hannu a ƙirji, na gefensa ya saki nasa, kuma ba mai waiwayar wani. Shekara saba'in baya, wannan kama hannun shi ne shaidar mutum ya bar abin da aka gada. Ƙasar Hausa a kan sadalu ta taso. Almajiran Shehu Ibrahim Inyass ne suka yaɗa kabalu bayan Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehun a aikin Hajjin 1937, maganar kuwa ta yi zafi har malamai suka riƙa rubuta wa juna raddi, aka ƙi bin juna salla, a lardin Sakkwato ma aka zubar da jini a 1956 da 1965 tsakanin 'yan kabalu da 'yan sadalu. Yau yaro ɗan Islamiyya zai ga dattijo ya saki hannu ya ɗauka shi ne ya zo da baƙon abu.

Shi ya sa in aka ce wane ya fita daban, tambayar farko ita ce: daban da su wa, a wace unguwa, a wace shekara? Ɗan Izala a Sanka ko Ƙoƙi bare ne a tsakiyar masu wazifa. Mai zuwa da farin ƙyallen wazifa a masallacin da 'yan Izala suka gina shi ma haka. Matar da ta sa niƙabi a wani gidan ita ce mai tsanani, a wani gidan kuma wadda ba ta sa ba ita ake yi wa wa'azi.

Amma ba duk mai saɓa wa jama'a ne ya cancanci a kira shi mai fita daban ba. Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Robert Merton, ya raba su gida biyu, kuma rabon ya zauna daidai a nan. Akwai wanda ya yarda da ƙa'idar amma yake karya ta a ɓoye don son ransa, kamar mai shan ruwa da rana a watan azumi a bayan shago: in an kama shi zai rantse bai yi ba, ko ya kawo uzurin ciwon ulsa. Akwai kuma wanda ya fito fili ya ce ƙa'idar ce ba daidai ba, ya kawo hujjarsa daga wani abin da jama'ar da kansu suke girmamawa, yana son a canza, kuma ya san zai sha wuya. Na farko bai saɓa wa kowa a ra'ayi ba, rauni ne kawai. Na biyun shi ne abin magana. Zamanin waya ya ƙaro mana na uku, wanda yake saɓawa don a kalle shi, kuma gane shi ba wuya: ranar da maganarsa ta daina jawo masu kallo zai sake wata.

A Ingila har suna aka yi wa irin mutanen nan a doka, ana ce musu Nonconformists, wato waɗanda suka ƙi bin cocin ƙasa. A 1662 majalisa ta wajabta wa kowane limamin coci ya bi littafin addu'a guda na Cocin Ingila, limamai kusan 2,000 suka ƙi, aka kore su daga majami'unsu. An sassauta musu a 1689 suka sami damar yin ibadarsu, amma muƙamin gwamnati sai 1828, cikakken haƙƙi a jami'o'in Oksfod da Kambrij kuwa sai 1871. A cikinsu akwai 'yan Kweka, waɗanda ba sa rantsuwa a kotu, ba sa cire hula don gaida babban mutum, ba sa shiga soja. Da aka toshe musu aikin gwamnati sai suka faɗa kasuwanci, suka yi suna da faɗin farashi ɗaya da cika alkawari. Gidan Cadbury masu Bournvita da TomTom daga cikinsu suka fito. Wato shekara ɗari biyu da 'yan kai aka ɗauka kafin ƙasar ta yarda mutum zai iya ƙin bin cocin sarki kuma ya zama ɗan ƙasa cikakke.

Namu tarihin ya fi wannan kusa da ƙashi. Daular da sarautar Kano take jingina da ita, da fita daban ta fara. Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yafa mayafi, ya hana kowa wa'azi in ba Shehu Usmanu ba, domin rawani da mayafi sun zama tambarin jama'ar da ba ta bin fada. A 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a 1807 Kano ta faɗa hannun masu jihadi. Ba a cika shekara arba'in ba, wajen 1846, Malam Hamza na Tsakuwa ya kwashi almajiransa ya nufi duwatsun Ningi saboda harajin da ya ce ba shi da tushe a shari'a, kuma a kan magadan masu jihadin yake wannan ƙorafi. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi aka tsire Malam Ibrahim, jagoran Isawa, a kasuwar Kurmi saboda abin da yake koyarwa game da matsayin Annabi Isa.

Wani abin da matasa da yawa ba su sani ba: sukar sadakar uku da bakwai da arba'in ba Izala ce ta fara ta a Kano ba. Malam Muhammadu Salga ne ya tayar da ita, ya yi ta ja da malaman Madabo inda shi kansa ya yi karatu, kuma almajiransa Salgawa su ne suka zama ƙashin bayan Tijjaniyya a birni. Da aka kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, sai ga 'ya'yan gidajen ɗariƙa suna ƙin tsugunawa gaida iyaye, suna ƙin cin yankan mahaifansu, suna raba salla. Aure ya mutu a kan wannan, an kori yara daga gida a kan wannan. Yau Izala tana da makarantu da masallatan Juma'a da 'yan agaji da kujera a duk taron da gwamnati ta kira malamai, ta kuma rabu gida biyu, Jos da Kaduna, tana da nata 'yan tawayen. A siyasa ma haka: jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ta koya wa talaka ya daina cire takalmi yana faɗuwa gaban hakimi, alƙalan En'e suka yi ta ɗaure 'ya'yanta da yi musu bulala, yau kuwa filin jirgin sama da asibitin koyarwa sunan jagoranta Malam Aminu Kano suke ɗauke da shi.

Kada wannan jeri ya sa a ɗauka duk wanda aka tsangwama shi ne mai gaskiya. Muhammadu Marwa Maitatsine shi ma ya fita daban. Ya tsine wa mai agogo da mai keke da mai rediyo, ya tara gardawa a 'Yan Awaki, suka ƙwace gidajen maƙwabta, suka hana hukuma shiga. A Disambar 1980 abin ya fashe, kwamitin bincike ya ƙirga mutum 4,177 da suka mutu. Mutane da yawa sun faɗi baƙuwar magana a Kano sun mutu a kan gadonsu. Abin da ya raba Maitatsine da su shi ne ya yanke mutanensa daga duk wata hulɗa da gari, ya halatta jinin wanda bai bi shi ba, ya tara makami. Duk ƙungiyar da aka ga ta haɗa waɗannan ukun, maganarta ta tashi daga saɓani.

Ga mai son ya saɓa wa jama'a a wani abu, aikin farko shi ne ya gane a wane mataki abin yake, don farashin ba ɗaya ba ne. Akwai rassan fiƙihu da malamai suka daɗe da saɓani a kansu: kabalu da sadalu, ƙunutu a Asuba, bayyana bisimilla, addu'a cikin jam'i bayan sallama. Imamu Malik da kansa, da halifa ya nemi a tilasta wa duniyar Musulmi bin Muwaɗɗa, ya ƙi, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa kuma kowane gari da ilimin da ya iske su. A wannan mataki hujja tana da yawa a kowane ɓangare, kuma abin da ya fi ɓata lamari shi ne rashin ladabi. Mutum ya bi liman mai sadalu ya yi kabalunsa, ba wanda zai tanka. Ya tashi ya fice in an fara addu'a, za a gani a yi shiru. Amma ranar da ya karɓi lasifika bayan sallama ya ce abin da liman ya shekara talatin yana yi bidi'a ce, ya mayar da mas'alar fiƙihu maganar mutunci, kuma daga nan ba a sauraron hadisi. Yawancin masallatai biyu da ake gani a layi ɗaya, bango da bango, lasifika na karo da lasifika, irin wannan ranar ce ta haife su. Hanyar da ta fi aiki ita ce a sami liman a zaurensa, shi kaɗai, a zo da littafin a matsayin mai tambaya. In ya karɓa, a bar shi ya faɗa da bakinsa kamar shi ya gano.

Mataki na biyu al'ada ce, kuma a nan yawancin mutane suke gwada ƙarfinsu. A ɗauki lefe. Saurayi ya ji wa'azi cewa sharaɗin aure waliyyi ne da shaidu biyu da siga da sadaki, mafi ƙarancinsa rubu'in dinare, wato zinare giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Gaskiya ne. Sai ya aika cewa shi ba zai yi lefe ba, sunna zai bi. Inda ya kuskure shi ne lefe ba shi kaɗai yake tsaye ba. Ma'auni ne mai kwano biyu: a ɗaya akwai kuɗin gaisuwa da kayan sa rana da akwatunan lefe, a ɗayan akwai gado da katifa da kujeru da kayan kicin da gara, waɗanda uban amarya yake ɗauka, kuma sau da yawa sun fi lefen tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya sauke nasa kwanon ya zuba ido a cika masa ɗaki da jere, sunnar ta tsaya a aljihunsa ne kawai, kuma iyayen yarinya sun gane.

In da gaske ake, ga yadda ake yi. Tun kafin sa rana za a tayar da maganar, ba bayan an buga kati ba. Ba saurayin ne zai faɗa ba, baffansa ko wani dattijo da gidan amarya suke jin nauyinsa shi zai je wa waliyyi. Abin da za a fara ajiyewa shi ne abin da ango ya yafe: ba ya son gara, shi zai sa gado da kujeru, abin da uba ya ga zai iya ya ba 'yarsa kyauta ce. Sannan a ƙara sadaki ya yi kauri, don shi ne haƙƙinta na kanta da ba mai taɓawa, a kuma yi mata sutura daidai gwargwado ko da akwati ɗaya ne. Sai babban wurin da maza suke mantawa: uwar amarya da gwaggonninta. Waliyyi zai iya cewa ya amince a zaure, amma lefe a cikin gida ake buɗe shi, mata ne suke ƙirga atamfa da leshi, su ne suka kai gudummawa bikin 'ya'yan wasu suna jiran ranar tasu. In ba a aika musu mace mai hankali ta zauna da su ba, za a ɗaura aure lafiya, sannan amarya ta shekara goma tana shan gori a wurin facaloli da kishiyoyin uwa cewa ita ce aka kawo ba akwati. Ango ya sami sunan mai riƙo da sunna, ita ta biya.

Zaman makoki ma haka yake. Gidaje da yawa yanzu suna sanarwa a maƙabarta cewa ba zama, kowa ya yi addu'a daga inda yake. Sanarwar tana karɓuwa in ta fito daga bakin babban ɗa ko ƙanin mamaci, ta fi ƙarfi kuma in mamacin ne ya bar wasiyya a gaban shaidu biyu. In ƙaramin ɗa ne da ya dawo daga karatu ya miƙe ya faɗa ba shawara, baffanni za su kafa rumfa don su nuna masa da sauran manya. Kuma ko an hana rumfa da kujeru a waje, mata za su zo wa matan mamaci da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma, dole a san abin da za a ba baƙin da suka taso daga nesa. Hujjar da ta fi saurin shiga kunnen dangi ba ta bidi'a ba ce, ta dukiya ce: abin da mamaci ya bari, bayan kuɗin jana'iza sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sauran na magada ne, kuma in akwai marayu ƙanana ba mai ikon ɗiban kuɗinsu ya dafa wa jama'a shinkafa. Ko malamin da yake ganin sadakar uku mustahabbi ce ba zai ja da wannan ba.

A duk waɗannan, kada mutum ya tafi shi kaɗai. A shekarun 1950 Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka: a nuna wa mutane layuka a tambaye su wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, amsar a fili take, amma an haɗa baki da sauran 'yan ɗakin su faɗi ƙarya. Kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Da aka sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya riƙa faɗin gaskiya, bin ƙaryar ya faɗo ƙasa da kashi 10. A taron dangi ma'anar wannan ita ce kafin ranar zama a riga an sami kawu ɗaya ko inna ɗaya da za ta ce "ni ma haka na gani". Akwai masu ra'ayin a ɗakin, jira suke wani ya fara.

Horon da gari yake yi wa mai fita daban yana da hawa-hawa, kuma yana da kyau a san su. Da kallo ake farawa, sai habaici a majalisa, sai a daina gayyata ɗaurin aure da suna. Na gaba shi ne mai ciwo: a zo binciken aure a unguwa a ce "ai gidan su wane ne", ko a Kwari da Singa da Dawanau, inda kaya na miliyoyi suke fita a kan amana ba takarda, uban gida ya daina ba da bashi. Bayan nan ne ake kai ƙara wurin mai unguwa, ko Hisba da aka yi wa doka a 2003, ko kotu. Da, kafin magana ta hau duk waɗannan matakai an sami wata da watanni, dattawa sun shiga, mai maganar ya sami damar gyara lafazi. Facebook da TikTok sun rushe tsanin. Abin da aka faɗa wa abokai biyar da dare, kafin Azahar an yanko daƙiƙa talatin daga ciki, mutum dubu ɗari da ba su san mai maganar ba sun gani.

Wannan ya fi haɗari a mataki na uku, wato abin da ya taɓa aƙida da alfarmar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da na canza shi, amma sashe na 45 ya ba hukuma damar taƙaitawa don zaman lafiya, sashe na 210 na dokar laifuka ta Final Kod ya haramta cin zarafin addini, ga kuma dokar shari'a ta jiha tun 2000. Abduljabbar Nasiru Kabara ɗan babban gidan Ƙadiriyya ne, duk da haka gwamnati ta hana shi wa'azi a Fabrairun 2021, aka yi muƙabala a Yuli, kotun shari'a ta Ƙofar Kudu ta yanke masa hukuncin kisa a Disambar 2022. Mubarak Bala, wanda ya bayyana barin addini, babbar kotun jiha ta ba shi shekara 24 a 2022 kan abin da ya rubuta a Facebook, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Waɗannan sun ma isa gaban alƙali. A 2016 an kashe wata 'yar kasuwa a Ƙofar Wambai kan zargi kawai, ba shaida ba shari'a, kuma ba wata mazhaba da ta ba taron kasuwa ikon zartar da haddi. Shehu Ja'afar Mahmud Adam kuwa, a kan sallar Asuba aka harbe shi a masallacinsa na Ɗorayi a Afrilun 2007.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ba kowa ne yake da jarin fita daban ba. Alhajin da ya gina masallacin unguwa, yake raba hatsi da azumi, in ya ce ba kiɗa a bikin 'yarsa ko ya ce 'yarsa sai ta gama digiri na biyu kafin aure, za a ce Alhaji mutum ne mai tsari. Ya daɗe yana tara yarda, yanzu yana cira daga ciki. Yaron shagonsa in ya faɗi irin wannan magana, ɗan ƙangare ne. Mace kuma farashinta ninki ne: bazawarar da ta kama haya ita kaɗai don ta gaji da zaman gidan yayanta, ko da sana'arta a fili take kuma ba ta taɓa fashin salla ba, za ta sha wuya kafin mai gida ya ba ta ɗaki, don dillali zai tambaya ina mijin. Masu dabara a cikinsu sukan sa wa ko kawu ya karɓi hayar da sunansa, su ɗauko wata tsohuwa daga dangi ta zauna da su, su fara kai gaisuwa gidan mai unguwa da na liman tun kafin a sauke kaya. Namijin da ya kai arba'in bai yi aure ba tsokana kawai yake sha a majalisa, ana ce masa tuzuru, kuma ba dillalin da ya taɓa tambayarsa ina matar.